Igwa a Teku, Kasuwa a Tudu

Ranar 1 ga Fabrairun 1829, a mashigin tekun Benin, wani ɗan ƙaramin jirgin sojan ruwan Ingila mai suna Black Joke ya cim ma jirgin Sifaniyawa El Almirante, bayan ya kwashe awa 31 yana bin sawunsa. Igwa 14 ke kan na Sifaniyawa, biyu rak ke kan na Ingilishi. Aka yi ɓarin wuta na awa ɗaya da 'yan mintoci, kyaftin ɗin El Almirante ya faɗi, sauran suka sauke tuta. Da aka buɗe cikin jirgin sai ga mutum 466 a cushe, an nufi Havana da su.

Turawan Ingila na son wannan labari, kuma ba laifi su so shi. Amma akwai wani gefe nasa da ya fi faɗan igwa nuna yadda al'amarin yake. Shi kansa Black Joke jirgin bayi ne. Sunansa na da Henriquetta, yana jigila tsakanin gaɓar Afirka da Bahia ta Birazil har aka kama shi a 1827 da mutum sama da 500 a ciki. Kwamandan rundunar jiragen Ingila masu farautar jiragen bayi, Francis Collier, ya saye shi ya ɗaura masa tutar Ingila, saboda yawancin jiragen da ake aiko masa daga gida masu nauyin jiki ne, sai dai su hango jirgin bayi daga nesa yana shigewa. A zamanin da iska ce ke tura jirgi, wanda ya fi sauƙin jiki da faɗin ƙyalle shi ne sarki, kuma dillalan bayi suna sayen irin waɗannan daga maƙeran Baltimore ta Amurka. Rundunar da ta karya Faransa da Sifen a Trafalgar sai da ta ari ƙafar ɓarawo kafin ta iya kama ɓarawo.

Kusan shekara 60 aka yi ana wannan farauta. Shin ita ce ta kashe cinikin bayi na Tekun Atilantika? Masu kirari sun ce ita ce, suna kawo lissafin da aka saba ji: daga 1808 zuwa 1860 an kama jirage wajen 1,600, an kuɓutar da mutum wajen 150,000. Masu suka sun ce duk munafunci ne, suna kawo nasu lissafin: a daidai wannan lokaci an loda mutum kimanin miliyan 3 daga gaɓar Afirka. Duka biyun gaskiya ne. In aka haɗa su, cikin kowane mutum 20 da aka ɗora a jirgi, kusan ɗaya ne ya dace da ceto. Ni dai a ganina amsar tana tudu, a kotuna da majalisu da gonakin rake, kuma igwa ba ta taɓa yin aiki ba sai a ranar da aka juya bakinta ga mai saye.

Kafin Ingila ta zama mai tsaron teku, ita ce babbar mai jigila. A ƙarni na 18 jiragen Liverpool da Bristol da Landan sun fi na kowa ɗaukar bayi. A Maris 1807 majalisar dokokinta ta haramta wa 'yan ƙasarta cinikin, Amurka ma ta hana shigo da bayi daga 1 ga Janairun 1808, Denmark kuwa ta riga su duka. Sai dai an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Ciniki aka hana, bautar kanta ta ci gaba a Jamaika da Barbados har 1834, kuma da aka zo soke ta, iyayengiji aka biya diyyar fam miliyan 20, bayin ba su ga ko anini ba. Kasuwar da Ingila ta saki kuma ba ta mutu ba. Turawan Fotugal da Sifen da Birazil da Faransa suka dafe ta.

A 1808 aka turo jirage biyu, Solebay da Derwent, su tsare gaɓar da ta haura mil 3,000, mai cike da bakin koguna da fadamu da lunguna. Ko yaro ya san jirgi biyu ba za su iya ba. Amma ƙarancin jirage ma ba shi ne babban ƙulli ba. Muddin ana yaƙi da Napoleon, Ingila na da hujjar tsayar da kowane jirgi ta bincika. Da aka yi sulhu a 1815 hujjar ta faɗi. A 1816 aka kama wani jirgin Faransa, Le Louis, kotun Freetown ta ƙwace shi. Da aka ɗaukaka ƙara zuwa Landan, alƙali William Scott ya rushe hukuncin a 1817. Ya ce a lokacin zaman lafiya ba ƙasar da ke da ikon shiga jirgin wata ƙasa a tsakiyar teku sai da yardarta, kuma kyawun manufa ba ya halatta haramtacciyar hanya. Alƙalin Ingila ne ya ɗaure hannun sojan Ingila. Daga ranar, kyaftin ɗin da ya hango jirgi yana jin warinsa daga nesa, dole ya fara duba tuta, sannan ya buɗe akwatin takardu ya ga ko akwai yarjejeniya da masu tutar.

Saboda haka aka koma sayen izini ƙasa-ƙasa. An ba Fotugal fam 300,000 a yarjejeniyar 1815, an ba Sifen fam 400,000 a ta 1817, Holan ta sa hannu a 1818. Kowace yarjejeniya kuwa da ramin da aka bari a cikinta. Fotugal ta yarda ta daina ciniki a arewacin layin ikwaita kawai, alhali Angola da Mozambik, inda take ɗiban mafi yawa, suna kudu. Wanda ya fi muni shi ne sharaɗin da ya ce ba a kama jirgi sai an same shi da bayi a ciki. Jirgi na iya kwana 40 a bakin kogi, da sarƙoƙinsa da tukwanensa, jirgin soja na kallonsa ba abin da zai iya yi. Ranar da sojan suka tafi ɗebo ruwa ko guzuri, a loda mutum 500 cikin dare ɗaya, kafin asuba an yi nisa.

Wannan sharaɗi ya ci rayuka ta hanyar da masu rubuta shi ba su zata ba. Idan shaida ita ce mutanen da ke cikin jirgi, to mai jirgi ya san yadda zai ɓatar da shaida. A Satumban 1831 Black Joke da wani jirgi, Fair Rosamond, suka kora jiragen Sifen biyu, Regulo da Rapido, cikin kogin Bonny. Sojan na gani da idonsu ana jefa mutane cikin ruwa, bibbiyu, da mari a ƙafa. Sama da 100 suka nitse. Da aka hau Rapido ba a tarar da ko mutum ɗaya ba. Sai a yarjejeniyar 1835 Sifen ta yarda cewa kayan aiki ma shaida ne: mari da sarƙa, katakon shimfiɗa ƙarin bene, gangunan ruwa da suka fi buƙatar ma'aikata, ƙatuwar tukunya, buhunan shinkafa ko garin rogo da suka wuce misali, da murfin rami mai raga a maimakon rufaffe. Shekara 18 aka ɓata kafin a toshe wannan rami ɗaya da Sifen.

Jirgin da aka kama Freetown ta Saliyo ake kai shi. Daga 1819 akwai kotunan haɗin gwiwa a can, da kuma a Havana da Rio de Janeiro da Suriname. Alƙali ɗaya na Ingila, ɗaya na ƙasar mai jirgi. In suka saɓa, a jefa ƙuri'a a fid da mai raba gardama daga ɗayan ɓangarorin, kuma sau da yawa ƙuri'ar ce ke yanke ko ɗaruruwan mutane 'ya'ya ne ko bayi, don kowa ƙasarsa yake bi. Kotun kuma jirgi take yi wa shari'a, ba mutum ba. Kyaftin da ma'aikatansa a sauke su a tudu ko a miƙa su ga hukumarsu, wadda ba ta cika taɓa su ba. Jirgin a yi gwanjonsa, wakilin mai shi na can cikin 'yan kallo ya taya ya saye, bayan wata shida a sake kama shi da sabon suna. Sai daga baya aka fara farfasa jiragen. Duk da haka waɗannan kotuna sun ƙwace jirage sama da 600, kuma masana shari'a na yau suna waiwayar su a matsayin kakannin kotunan ƙasa da ƙasa.

In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Jirgin bayi yakan tafi da tutoci biyu ko uku da takardu iri-iri, har da ɗan haya wanda zai tsaya a matsayin kyaftin idan soja suka hau. Da aka matsa wa tutar Sifen sai aka koma ta Fotugal. Da ministan harkokin wajen Ingila, Palmerston, ya gaji da roƙo ya sa majalisa ta yi dokar 1839 wadda ta ba sojan ruwa ikon kama jiragen Fotugal ko da yarda ko babu, sai aka koma ta Amurka. Ita kuwa Amurka ta yi rantsuwa ba Baturen Ingila da zai taka jirginta, don ba ta manta yadda ake kwashe mata matuƙa da ƙarfi ba kafin yaƙin 1812. A takarda dokarta ta fi ta kowa zafi, tun 1820 ta ce cinikin bayi fashin teku ne, hukuncinsa rataya. A aikace, shekara 42 ba a rataye kowa ba. Yarjejeniyar Webster da Ashburton ta 1842 ta ɗora mata ajiye jirage masu igwa 80 a gaɓar Afirka. Ta cika alƙawarin igwa, amma ta kafa sansani a tsibiran Kef Bad, nesa da Kongo da Angola inda ake lodi. Jiragen da rundunarta ta kama har 1861 ba su kai 40 ba. Faransa ma ta ba da izinin bincike a 1831, ta janye shi a 1845.

Su wane ne ke cikin jiragen tsaron, kuma me ya kawo su? Wasu hafsoshin masu tsoron Allah ne a addininsu, sun tsani abin da suka gani, wasiƙunsu sun nuna haka. Yawancin ƙananan soja kuwa ba su zaɓi wurin ba, kuma babu inda suka ƙi jini kamarsa. Zazzaɓin shawara da na cizon sauro sun fi igwar Sifaniyawa kisa nesa ba kusa ba. A 1829 kaɗai mutum 204 cikin 792 suka mutu, mafi yawansu a jirgin Eden da ke tsibirin Fernando Po. Daga 1830 zuwa 1865 an rasa sama da 1,500. Ba su san sauro ne ba, iskar fadama suke zargi. Sai a ƙarshen shekarun 1840 likitocin rundunar suka fara dagewa a kan shan kwinin kullum. Abin da ke rage zafi shi ne tukuici. Da farko gwamnati na biyan fam 40 a kan kowane namiji da aka kuɓutar, 30 a kan mace, 10 a kan yaro, daga baya aka rage ya koma fam 5 a kan kowa. A lura da wannan: mai sayarwa kai yake ƙirgawa, mai ceto ma kai yake ƙirgawa. Masu suka sun ce tsarin na sa kyaftin ya fi son a gama lodi kafin ya kama, shi ya sa a 1838 aka ƙara lada a kan girman jirgi ko da ba kowa a ciki.

Akwai kuma waɗanda ba a cika ambata ba, wato mutanen Kru na gaɓar Laberiya ta yau. Kowane jirgin tsaro na ɗaukarsu da yawa. Su ke tuƙa kwalekwale su keta igiyar ruwa, su ke shiga koguna inda Bature ba ya kwana uku lafiya, kuma suna cikin waɗanda ke hawa jirgin abokan gaba da takobi. An laƙaba musu sunayen ba'a na Turanci a littafin albashi, shi ya sa sunayensu na gaskiya suka ɓace. Ba don su ba da aikin bai yiwu ba.

Kama jirgi ba shi ne ƙarshen wahalar waɗanda ke ciki ba. Daga Bonny ko Legas zuwa Freetown iska da igiyar ruwa gaba suke yi da jirgi, tafiyar kan ci wata guda ko fiye. Ɗan saurayin hafsa da soja goma sha wani abu su ne za su kai jirgi mai mutum 400, da atuni da agana da ciwon ido, ruwan sha na ƙarewa, tsofaffin ma'aikatan jirgin kuma na jiran su yi gyangyaɗi. A 1845 irin waɗannan ma'aikata da aka kama suka kashe sojan da aka bar wa tsaron jirgin Felicidade. Aka kai su Exeter aka yanke musu hukuncin kisa, sai manyan alƙalai suka ce kamun jirgin tun farko bai bi ƙa'ida ba, aka sallame su. Mutane da yawa da aka rubuta a cikin waɗanda aka ceto a teku suka mutu, wasu kuma a tashar jirgi, ana jiran kotu ta zauna.

Hafsan da ya fara gane cewa bin jirgi a teku aikin baban giwa ne shi ne Joseph Denman. A Nuwamban 1840 ya shiga kogin Gallinas, kusa da iyakar Saliyo da Laberiya ta yau, inda dillalan Sifen suka kafa manyan shingayen tara bayi. Ya sa Sarki Siaka ya amince da yarjejeniya, ya ƙone shingayen da rumbunan kaya, ya kwashe mutum 841 zuwa Freetown. Gwamnati ta yaba masa. Bayan shekara biyu lauyan gwamnati ya ce anya wannan ya halatta, aka ce a dakata. Ɗaya daga dillalan, Buron, ya kai Denman ƙara a Landan yana neman diyyar dukiyarsa, bayin na cikin dukiyar, kuma sai a 1848 aka wanke shi. A tsakanin nan shingayen sun sake tashi.

A wannan lokaci rundunar ta kai jirage wajen 30, har da masu tafiya da tururi, amma ciniki sai ƙaruwa yake yi. Dalili ɗaya daga Landan ya fito. A 1846 majalisa ta sassauta harajin sukarin ƙetare, sukarin Kyuba da Birazil, wanda bayi ke nomawa, ya cika kasuwar Ingila. Hannun dama na biyan soja su tare jirgi, hannun hagu na zuba sukarin a shayi. Ɗan majalisa William Hutt ya tsaya a kan cewa a janye rundunar: tana cin kuɗi, tana cin rayuka, ta mai da ciniki fasa-ƙwauri, fasa-ƙwauri kuma ya sa ana cusa mutane a ƙananan jirage fiye da da. Maganarsa ba shirme ba ce. A Maris 1850 aka kaɗa ƙuri'a, sai da firaminista Russell da Palmerston suka yi barazanar ajiye aiki kafin a kayar da shi, 232 da 154.

Wata uku bayan haka aka ga abin da igwa ke iya yi in an kai ta inda ya dace. Birazil ce babbar kasuwa. Ta haramta shigo da bayi tun 1831, amma dokar ta zama abin dariya, har 'yan ƙasar suka yi mata laƙabi da dokar da aka yi don Baturen Ingila ya gani. A 1849 kaɗai sama da mutum 50,000 aka shigar. A Yunin 1850 jiragen Ingila suka daina jira a teku, suka shiga tashoshin Birazil da bakin kogunanta suna kamawa suna ƙonawa. A Paranaguá jirgin Cormorant ya yi musayar wuta da ganuwar gari. Keta haddin ƙasa ne tsirara, kuma kowa ya san haka. Ranar 4 ga Satumba majalisar Birazil ta zartar da dokar Eusébio de Queirós, sannan ta aiwatar da ita da nata sojan ruwa da 'yan sanda, ta kori manyan dillalai. A 1851 waɗanda aka shigar sun sauko zuwa 3,000 da 'yan kai, bayan shekara biyu kusan babu. Abin da shekara 40 na sintiri suka kasa, shekara biyu suka gama.

Malaman tarihin Birazil ba sa son a ce tsoron Ingila kaɗai ne, kuma suna da hujja. Masu gonaki sun cika da bayi sun kuma cika da bashin dillalan Fotugal. Annobar shawara ta 1849 zuwa 1850, jiragen bayi aka ɗora wa. Rigima da Rosas na Ajantina na tafe, ba lokacin faɗa da Ingila ba ne. Sannan ga tsoron tawaye, wanda ke da alaƙa da mu kai tsaye. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin 1804 da rushewar Oyo sun tura dubban Hausawa da Nufawa da Barebari da Yarabawa zuwa Legas da Badagiri da Wida, mafi yawa maza majiya ƙarfi, wasu sun san yaƙi, wasu sun san allo. Bahia aka kai da yawansu. Hausawa ne suka kitsa yunƙurin 1807 da tawayen 1809 da 1814, sannan a watan azumi na 1835 Musulmin Salvador, Yarabawa a gaba, suka fito da fararen riguna da layu. An murƙushe su, amma iyayengiji ba su sake barci da ido biyu a rufe ba.

Saura Kyuba. Gwamnonin Sifen a Havana na karɓar rabonsu a kan kowane kai, jiragen kuma a New York ake shirya su a ƙarƙashin tutar Amurka. Yaƙin basasar Amurka ne ya karya wannan. A Fabrairun 1862 aka rataye Nathaniel Gordon, wanda aka kama da mutum 897 a jirgin Erie kusa da bakin Kongo, Shugaba Lincoln ya ƙi yi masa afuwa. Shi kaɗai ne aka taɓa kashewa saboda cinikin bayi a ƙarƙashin dokar 1820. A Afrilu Amurka ta ba Ingila izinin binciken da ta hana shekara 50. Kafin 1867 jigilar ta tsaya. A gabashin Afirka ma haka aka yi: shekaru ana bin ƙananan jiragen Larabawa a ruwan Zanzibar da Pemba, amma babbar kasuwar ba ta rufe ba sai a Yunin 1873, da aka gaya wa Sarki Barghash za a toshe tsibirin in bai sa hannu ba.

To su waɗanda aka ceto fa? Kusan 100,000 aka sauke a Freetown. A shigar da su wani shinge da ake kira filin sarki, wanda ƙofarsa na nan har yau, a rubuta suna da shekaru da tsawo da tsagar fuska. Ba a mai da su gida. Wasu a sa su soja ba tare da an tambaye su ba, yara a ba da su koyon aiki na shekaru a gidajen mutane, inda wani lokaci tsugune ba ta ƙare ba. Daga 1841 aka riƙa lallashin wasu, wasu a matsa musu, su tafi Jamaika da Trinidad aikin ƙwadago a gonakin raken da aka ce an cece su daga irinsu. A tsibirin Saint Helena an sauke sama da 25,000, wajen 8,000 suka mutu a can. A 2008, ana aikin hanyar filin jirgin sama, aka tono ƙasusuwan mutum 325, yara da yawa a ciki, sai a 2022 aka sake binne su.

Amma kada a raina 150,000. Wani yaro Bayarabe mai suna Ajayi yana cikin jirgin Fotugal da aka tare a Legas a Afrilun 1822, shi ne ya zama Bishop Samuel Crowther a 1864. Ali Eisami, ɗan malami daga Borno, an sauke shi a Freetown a 1818, kuma daga bakinsa Bajamushe Koelle ya rubuta nahawun Barbarci. Shi dai Koelle ya zauna da 'yantattu ya tattara kalmomin harsuna sama da 100 a littafinsa na 1854, har da Hausar Kano da ta Katsina. A wurin Hausawan Saliyo ne wani Bature mai suna Schön ya fara koyon Hausa kafin ya fitar da littafin kalmominsa a 1843. Wani reshe na tarihin rubutun boko daga cikin jirgin bayi ya tsiro.

Labarin jiragen ya iso Sakkwato da wuri. Hugh Clapperton, wanda shi ma hafsan sojan ruwa ne, ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1824. Bello ya nuna yarda a hana kai bayi bakin teku, in Ingila za ta aiko da ƙaramin jakada da likita, a buɗe ciniki. Abin da ya dame shi shi ne sayar da Musulmi ga Nasara, ba bautar kanta ba. Da Clapperton ya dawo a 1826 ya tarar ana yaƙi da Borno, ga shi ɗauke da wasiƙa da kyauta zuwa ga Shehu al-Kanemi, zance ya lalace, ya rasu a can a Afrilun 1827. Hanyar Sahara kuwa, ta Kano da Damagaram da Agadas zuwa Murzuk da Tarabulus, ba jirgin da ya isa ya tare ta. Da tekun ya rufe ma, ba hari ne ya tsaya ba. Bayin da da za a loda sai aka tsare su a gida, suna tatsar manja a Dahome da Kalaba, suna noma a rinji da gandu a ƙasar Hausa.

Sarakunan gaɓa sun ga inda abin ya nufa. Gezo na Dahome ya gaya wa hafsan Ingila Frederick Forbes a 1850 cewa ba zai iya sakin abin da sojansa da fadarsa ke ci ba rana ɗaya, aka toshe masa Wida har ya sa hannu a 1852. A Legas kuwa rigimar gadon sarauta ce ta ba da ƙofa. Kosoko na kan gado yana ciniki da Birazil, Akitoye da aka kora ya yi alƙawarin zai hana. A Nuwamban 1851 aka kai Crowther gaban Sarauniya Victoria ya ba da labarin garin da aka loda shi. A ƙarshen Disamba jiragen Bloodhound da Teazer suka buɗe wa Legas wuta, Kosoko ya gudu, ranar 1 ga Janairun 1852 Akitoye ya sa hannu a yarjejeniya. Bayan shekara tara, a Agustan 1861, da jirgin Prometheus a tsaye a gaban gari, ɗansa Dosunmu ya miƙa Legas ɗungurum. Hujjar ita ce dai hana cinikin bayi, ko da yake a lokacin manja ne ke cika jirage.

A 1863 wani hafsan sojan ruwa, John Glover, ya tara 'yan tsirarun Hausawa a Legas, yawancinsu bayi ne da suka tsere wa iyayengijinsu, ya ba su bindiga da kaki. Daga wannan ƙungiya sojan Nijeriya ke ƙirga asalinsu. Bayan shekara 40, da Lugard ya tura runduna Kano da Sakkwato a 1903, hujjar da ya aika Landan ita ce wadda aka karanta wa Kosoko: harin bayi. Ya hana hari, ya rufe kasuwanni, ya ce duk yaron da aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne. Amma yana buƙatar sarakuna da gandayensu, don haka bai taɓa bayin da ke hannu ba, sai dai wanda ya fanshi kansa ko ya gudu. Dokar da ta soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya sai a 1936 aka yi ta.